Daren Gadi a Farmasi

Makon gadinmu ne, ba a rufe ƙofa.
Maraɗi ta kwanta, saura masu shayi,
sai ni, sai kwalaye a jere kamar sahun salla.

Illa ɗan kabu-kabu ne ya fara shigowa,
wuyansa ruɗu-ruɗu, yana susa da makullin babur.
Wai kifin Madarumfa ya ci a gidan suna.
Na ce kada ka ɗora wa kifi laifin duka.
Akwai wani mai gadi a jikinka, histamin sunansa,
bakinsa ba ya shiru,
ɓera zai gani ya tayar da unguwa.
Ga ƙwayar da za ta toshe masa ƙofar fata,
sai dai barci take jawowa a zanenta.
Ka jingine babur, gobe ma rana ce.
Ya yi dariya yana susa:
“Mai babur kuɗin yau ya sani.”

Sha biyu ta gota, ga Malam Zabairu tela,
hannu dafe da ƙahon zuci.
Dala biyu-biyu yake sayen maganin ciwon baya
a faifan ƴan talla,
ya haɗiye ba ko loma a ciki, ya koma kan keke.
Baya ya lafa, tumbi ya biya.
Ya jiƙa kanwa, wutar ta kwanta, ta sake tashi.
Mai gadin nan ne dai, Malam, ya sauya ƙofa:
a fata ƙaiƙayi yake kira,
a ciki tsami yake cewa a ƙaro.
Wannan ta dare ce, ita za ta sa shi shiru.
Ka rabu da faifan nan.
In ka ga bayan gida baƙi kamar kwalta,
kada ka zo wurina, wuce asibiti.

Ya tafi. Agogo ya ci gaba da aikinsa.

Daga nan ba kowa, sai tunanin Inna.
Tana Jiratawa, a kwance wata na uku.
Ba daga bishiya ta faɗo ba,
dokin ƙofar ɗakinta ne,
wanda ta shekara arba'in tana ƙetarawa da tulu a ka.
Ƙugu ya ce ƙas, kamar karan bara.

A makaranta aka ce mana ƙashi rumbu ne.
Jini in ya rasa kalsiyam ba ya jira,
wasu ƴan ƙwayoyi huɗu a maƙogwaro,
ba su fi tsabar dawa ba,
su ke ba da izini a buɗe a ɗiba.
Na rubuta, na ci jarrabawa,
ban gane ba sai a hoton ƙugunta,
duk huda-huda kamar gara ta bi azara.

Mu tara ta haifa.
Kowa ya zo da ƙwaryarsa ya auna,
haƙoranmu, ƙwaurinmu, wannan hannun da nake ƙirga canji,
duk daga rumbunta.
Nonon shanu kuwa mu take zuba wa,
ita ta kurkure ƙwarya ta ce ta ƙoshi.
Wa ya taɓa mayar mata da ko tiya guda?

Na sauko da kwali ɗaya, na rubuta a kan albashina.
Ba ta karatu, sai na zana mata rana a gefe:
a sha da abinci,
a fito da ita hantsi ta taɓa fata,
a yawaita zogale da kindirmo.
Na san abin da za ta ce:
“Barira, ashe rana ma sayar da ita kuke?”

An kira assalatu.
Ƙarar babur ta tsaya a bakin ƙofa.
Illa ne, wuyan nan yadda yake,
ƙwayar tana aljihu, bai ɓare ba.
Ya zaɓi susa a kan barci.
Na miƙa masa kwalin da kuɗin mai.
Jiratawa, gidan da ke bayan injin ban-ruwa.
Ka bi a hankali wajen gulbi.